Ledar Gilashin Mota Mai Seramik Bayan Bazara Biyu: Duhu Daban, Sanyi Daban

Duk wanda neman abinci ya sa shi zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna ya san cewa rana ba ta barin direba ya sarara a wannan hanya. Idan mutum ya tashi daga Kano da safe ya nufi kudu, gabas tana hannunsa na hagu, kuma tun da Najeriya ta koma bin hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972, sitiyarin motocinmu ma a hagun yake, saboda haka hantsi zai yi ta dukan kuncinsa da damtsensa tun daga Kura da Kwanar Dangora har ya wuce Zariya. Idan kuma ya juyo da la'asar ya fuskanci arewa, yamma ce take komawa hagunsa, ranar da ta raka shi da safe ita ce za ta sake rako shi gida. Na yi shekaru ina wannan tafiya a cikin wata Toyota Corolla 'yar Kwatano, kuma a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 ko ya haura, na'urar sanyaya motar takan yi iya ƙoƙarinta, iska mai sanyi tana busa mini a ƙirji, amma hannun hagu yana gasuwa kamar an kara shi a bakin murhu.

Wannan ne ya kai ni ga manna leda a gilashi, abin da masu sana'ar ke kira tintid. Sau biyu na yi, a wurare biyu, da leda iri biyu, kuma ta biyun, mai seramik, ce nake son in yi bayaninta a nan, domin yanzu ta ga bazara biyu a jikin motar, lokacin da ya isa a gane halin kaya.

Ta farkon ba ta buƙatar dogon zance. A bakin titi aka manna mini ita, a ƙarƙashin wata rumfar kwano, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma tambaya ɗaya kawai yaron ya yi mini: "Alhaji, mai duhu sosai ko daidai-wa-daida?" Na zaɓi mai duhu, domin a lokacin ina cikin masu ɗaukar cewa gwargwadon baƙin gilashi gwargwadon sanyin mota. Hasken da ke kashe ido ya ragu, wannan gaskiya ne, amma zafin da ke ratso gilashin bai ragu yadda na zata ba, kuma kafin shekara ta zagayo baƙin ya fara komawa shunayya, gilashin baya ya yi ƙuraje, gefen ledar ƙofar direba ya fara ɗagowa yana kama ƙura. Irin wannan leda rini ne kawai aka zuba a cikin siririyar roba, rana tana cin rinin a hankali, kuma gam ɗin da ke riƙe da ita ba a yi shi don ya jure zafin irin namu ba. Duk motar da ka gani a titi gilashinta ya zama ruwan shunayya yana ta kumbura, ita ce aka sa mata.

Kafin in sake kashe kuɗi sai na tsaya na fahimci abin da nake saye, kuma a nan ne na gane inda kuskurena yake. Ƙarfin ranar da ke isowa ƙasa kashi uku ne. Akwai hasken da ido ke gani, wanda ya ɗauki ɗan fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin. Akwai infirared, wanda ido ba ya gani amma fata tana jin sa a matsayin zafi, shi kuma ya ɗauki kusan rabi ko ɗan fiye. Sai hasken UV, wanda bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba, ba shi da wani zafi da za a ji, amma shi ne ke ƙona fata, ya kashe launin kujeru, ya tsattsage dashbod, kuma yana cikin abubuwan da likitoci ke dangantawa da yanar ido. Ledar rini tana tare hasken da ido ke gani ne, ta bar yawancin infirared ya wuce abinsa. Shi ya sa mota za ta iya zama baƙa ƙirin daga waje, wanda ke ciki kuma yana sharce gumi.

Batun UV ya fi ba ni mamaki, domin ashe gilasan mota ba ɗaya ba ne. Gilashin gaba falle biyu ne da aka haɗa da wata roba a tsakani, don kada ya tarwatse idan an yi haɗari, kuma wannan robar tana tare kusan dukkan UV tun daga masana'anta. Gilasan gefe kuwa, a yawancin motoci, falle ɗaya ne da aka gasa don ya yi ƙwari, irin wanda ke farfashewa kamar tsakuwa, kuma yana barin wani kaso na nau'in da ake kira UVA ya shige. Wani likitan ido a Amurka, Brian Boxer Wachler, ya auna motoci 29 ya wallafa sakamakon a mujallar JAMA Ophthalmology a 2016, inda ya samu cewa gilasan gaba suna tare kimanin kashi 96 cikin 100 na UVA, na gefen direba kuwa kimanin kashi 71, wasu ma ƙasa da haka sosai. Kafin wannan, a 2012, mujallar New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 da ya yi shekara 28 yana tuƙi, ɓangaren hagu na fuskarsa ya yamutse ya tsufa fiye da na dama nesa ba kusa ba. Baƙar fata tana da kariyar da farar fata ba ta da ita, ba na musun wannan, amma ido ba ya cin moriyar baƙin fata, kuma akwai 'yan'uwanmu zabiya waɗanda wannan haske yake jawo wa cutar dajin fata, ga su nan cikin motocin haya da na gida kullum.

Da wannan ɗan sani na je shago na biyu, wanda wani abokin aikina ya yi mini kwatance. Abin da ya fara burge ni ba kayan da aka jera ba ne, a'a, wurin aikin ne: ɗaki ne mai ƙofa da ake shigar da mota a rufe, an yi wa ƙasan siminti, kuma na tarar da wani yaro yana yayyafa ruwa kafin a shigo da motar da ke gabana. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ƙaƙale ne. Amma ƙwayar ƙura ɗaya idan ta shiga tsakanin leda da gilashi ta zauna ke nan har abada, ta zama ɗan farin ɗigo da iska a kewaye da shi, kuma a garin da hunturu ke rufe sararin sama da ƙura wata da watanni, manna leda a fili ganganci ne.

Mai shagon, wani magidanci mai ɗan furfura da yaransa ke kira Oga, bai tambaye ni duhun da nake so ba. Ya tambaye ni ko ina yawan tuƙin dare, ko ina ajiye motar a rana, da kuma ko eriyar rediyon motar tana cikin gilashin baya. Sannan ya fito da bandir huɗu. Na farko ledar rini ce, wadda ya ce yana ajiye ta ne saboda masu son a ga baƙi kawai. Na biyu mai ƙarfe ce, wadda aka fesa wa wani siririn ƙarfe da ke mayar da zafi kamar madubi, tana da ƙarko kuma tana aiki, sai dai tana sheƙi daga waje, kuma ƙarfen yakan raunana sabis ɗin waya da na'urar nuna hanya da rediyo, abin da ba ƙaramar matsala ba ce ga wanda ke bin hanyar da sabis ɗin dama yake ɗaukewa yana dawowa. Na uku mai kabon ce, baƙinta ba ya sheƙi kuma ba ta komawa shunayya, tana tare zafi fiye da ta rini, farashinta a tsakiya yake. Na huɗu ita ce seramik, wadda aka cusa wa wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu kama infirared ba tare da sun toshe haske ko sabis ba. Kuɗinta, a ranar da na je, ya ninka na ledar rini fiye da sau huɗu.

Akwai gwajin da kusan duk masu sayar da seramik suke yi, shi ma ya yi mini: an kunna wata jar fitila mai zafi, aka sa gilashi mai ledar rini a gabanta na miƙa hannu na ji zafi, aka sauya da mai seramik na ji kamar an kashe fitilar. Gwajin yana da ban sha'awa, kuma ba ƙarya ba ne, amma bai faɗi gaskiya duka ba, domin fitilar tana fitar da zafinta ne galibi a ɓangaren infirared, daidai inda seramik ta fi ƙarfi, rana kuwa tana zuwa da zafinta har ta cikin hasken da ido ke gani. Haka ƙananan mitocin da ake maƙalawa a gilashi su nuna lamba 95 ko 99 suke, da yawansu a wuri ɗaya tak suke aunawa a cikin faɗin infirared. Ko kamfanin 3M, wanda ke cewa ledarsa ta Crystalline mai siraran falle sama da 200 tana tare har kashi 97 na infirared, ya bayyana cewa tsakanin nanomita 900 zuwa 1000, wato wani ɗan siririn yanki na faɗin infirared, aka auna wannan adadi. Lambar da ta kamata mai saye ya nema ita ce wadda ake rubutawa TSER a takardar bayanin leda, wato jimillar ƙarfin rana da ledar ta hana shiga idan an haɗa kashi ukun nan duka. A ledoji masu kyau wannan lamba takan kama daga kusan kashi 40 zuwa 60 da ɗoriya, gwargwadon duhunsu. Duk wanda ya ce maka ledarsa mai haske tana tare kashi 99 na zafin rana, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani yana so kai kada ka sani.

A nan dole in yi wa duhu adalci, tunda na soke shi a baya. Idan aka ɗauki seramik iri ɗaya daga kamfani ɗaya, mai duhun ta fi mai hasken tare zafi, domin hasken da ido ke gani shi ma zafi ne idan ya faɗa kan kujera. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauka cewa duhu shi kaɗai ne ma'auni. Seramik mai haske, wadda kusan ba a gane an sa ta, tana iya fin baƙar ledar rini tare zafi, kuma ta fuskar UV duhu ba shi da wani tasiri, saboda ledoji masu inganci, masu haske da masu duhu, duk suna tare kimanin kashi 99 cikin 100.

Lambobin da ake kiran leda da su, 70 da 50 da 35 da 20 da 5, suna nufin kason hasken da ke wucewa ne, saboda haka ƙaramar lamba ita ce mafi duhu. Abin da mutane da yawa ba sa lissafawa shi ne gilashin mota da kansa ba ya barin haske duka ya wuce. Idan gilashin yana barin kashi 75, aka ɗora masa leda mai lamba 35, abin da zai rage kusan kashi 26 ne, wato ya fi abin da mutum ya zata duhu. A Birtaniya, alal misali, doka ta ce gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75 na haske, na gefen gaba kuma kashi 70, wanda ke nufin ko leda mai haske ma tana iya jefa mota a ƙasan layin doka. Na kawo wannan ne don a ga yadda ƙasashen da suka auna al'amarin suke ɗaukar ganin direba. Ni na tsaya a kan lamba 70 a ƙofofin gaba biyu, lamba 50 a ƙofofin baya da gilashin baya. Mai shagon ya so in sa 35 a baya saboda iyali, na ƙi, kuma ya ce: "Yallaɓai, kai ne za ka yi ribas da dare, ba ni ba, yadda ka ce haka za a yi." Gilashin gaba kuwa ban taɓa shi ba, tunda yana tare UV da kansa, duk da na san ta nan ne zafi mafi yawa yake shigowa saboda faɗinsa da kwanciyarsa.

Aikin ya ci kusan wuni guda, kuma rabinsa ya tafi ne wajen cire tsohuwar ledar. Wannan shi ne harajin arha. Ledar ta riga ta mutu, tana yagewa guntu-guntu tana barin gam a baya, kuma a gilashin baya ba a isa a sa reza ba, domin siraran layukan nan masu ɗumama gilashi suna kankaruwa, in kuma sun yanke sun yanke ke nan. Da tururi da haƙuri suka ɗaye ta, aka kuma caje ni kuɗin cirewa daban, wanda ba a faɗa mini tun farko ba sai da aka zo lissafi. Wannan shi ne abu na farko da na riƙe a kan shagon. Mannawar kuwa na tsaya na kalla. Sukan shimfiɗa ledar a bayan gilashin ta waje, su bi ta da na'urar hura zafi har ta lanƙwasa ta ɗauki siffar gilashin, sannan su yanke, su wanke cikin gilashin sau da yawa, su fesa ruwan sabulu mai laushi, su ɗora ledar ta ciki, su bi ta da faffaɗar roba suna tatse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Gilashin baya falle ɗaya suka yi masa ba tare da haɗi ba, wanda shi ne ma'aunin gwanin wannan sana'a, domin wanda hannunsa bai faɗa ba yakan yanka ledar gida biyu ko uku ya jera. A ƙofofi kuma sun kai ledar har kusa da bakin gilashin na sama, sun kuma cusa ta ƙarƙashin robar ƙasa, ta yadda ba a ganin wani farin layi idan an ɗaga gilashi.

An gargaɗe ni kada in sauke gilashi na tsawon kwana uku zuwa biyar, kuma kada in tsorata idan na ga hazo-hazo ko ƙananan kumfar ruwa, domin ragowar ruwan ne zai bushe ta cikin ledar. Haka aka yi, cikin mako guda gilasan suka washe tas. Kwana ukun nan ba su da daɗi ga mai bin hanyar da ke da shingayen bincike, inda ladabi shi ne a sauke gilashi a yi gaisuwa, sai dai na riƙa buɗe ƙofa ina ba da haƙuri. Wanda zai yi wannan aiki ya zaɓi kwanakin da ba shi da tafiya.

Yanzu ga abin da na gani bayan bazara biyu. A kan hanya, bambancin ba ya ɓuya. Zafin nan mai suka da ke dukan hannun hagu ya koma ɗumi kawai, har nakan manta da ɗan tawul ɗin da na saba yafawa a damtse. Na'urar sanyaya motar, wadda da sai na ƙure ta tun daga Kano har Kaduna, yanzu tana wadatarwa a mataki na biyu a yawancin tafiyar, kuma waɗanda ke kujerar baya, inda iskar ba ta isa sosai a irin wannan ƙaramar mota, sun daina ƙorafi. Launin ledar bai sauya ba, babu ƙurji ko ɗaya, babu gefen da ya ɗago, waya da rediyo suna aiki kamar yadda suke yi a da. Da dare ina ganin madubin gefe sarai, ina ganin mai Adaidaita Sahu da ya kutso ba fitila, da mai tafiya a ƙasa sanye da baƙaƙen kaya a titin da ba shi da fitilu, abin da ya gagare ni a zamanin baƙar leda, lokacin da sai na sauke gilashi kafin in shiga kwana ko in yi ribas.

Inda ledar ta gaza abin da ake yi mata talla shi ne motar da aka ajiye a rana. Seramik tana tsotse infirared ne a jikinta fiye da yadda take mayar da shi, gilashin ya yi zafi, iskar tafiya kuma ta kwashe zafin. Idan mota tana tsaye babu wannan iskar, ga rufin yana gasuwa, ga gilashin gaba a buɗe, saboda haka ledar jinkirta zafin kawai take yi. Idan na bar motar a filin ofis daga safe zuwa azahar, nakan tarar da ita kamar tanda, sai dai kujerun baya ba sa ƙuna kamar da, kuma ta fi saurin hucewa idan an kunna sanyi. Wani bincike da aka buga a mujallar Pediatrics a 2005 ya nuna cewa zafin cikin motar da aka rufe a rana yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 a ma'aunin Salshiyas cikin awa ɗaya, mafi yawansa a rabin awar farko, kuma ɗan sassauta gilashi bai hana hakan ba. Wani kuma da masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona suka fitar a 2018 ya samu dashbod yana kaiwa kimanin digiri 69 bayan awa ɗaya a rana. Babu ledar da za ta mayar da wannan wuri inda za a bar yaro a shiga kasuwa ko banki, ko da na minti goma ne, kuma ina jin tsoron yadda duhun gilashi yake sa wasu iyaye su ɗauka cewa inuwa ce. Labulen nan mai sheƙi da ake karawa a gilashin gaba, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi ledar amfani a motar da ke tsaye, kuma har yau ina amfani da shi.

Akwai wasu ƙananan aibobi biyu. Idan rana ta yi ƙasa da sassafe ko gab da magariba ta bugi gilashin a karkace, nakan ga wani ɗan hazo mai ruwan shuɗi a kan ledar, ba ya hana gani amma ido yana lura da shi. Sannan a gefen gilashin baya, inda masana'anta ta yi wasu baƙaƙen ɗige-ɗige, ledar ba ta kwanta sosai ba, ta bar wani siririn layi mai fari-fari, wanda mai shagon ya sake dannawa da na koma amma bai ɓace duka ba.

Abu na biyu da na riƙe a kan shagon ya fi na farko nauyi, wato garanti. An ce mini ledar tana da garantin shekaru, amma da baki aka faɗa, rasit ɗin da aka ba ni kuwa bai ɗauke da sunan ledar ko lambar bandir ɗin ba sai da na matsa aka rubuta da biro. Manyan kamfanonin wannan sana'a, irin su 3M da LLumar da SunTek da XPEL da Solar Gard, ta hannun dillalan da suka amince da su suke ba da garanti, kuma sunan da ya yi fice shi ne ake yi wa jabu. Kwalin da aka buga wa suna ba hujja ba ne. Mai saye ya nemi a nuna masa takardar bayanin ledar mai ɗauke da lambar haske da TSER da UV, ya ga an yanko ledar daga bandir ɗin da aka nuna masa, ya sa a rubuta komai a rasit, kuma idan aka yi masa tayin seramik a farashin ledar rini, ya san cewa rini ne aka sauya wa suna.

Kulawa da ita ba ta da wuya, amma masu wankin mota su ne abin tsoro. Ledar a ciki take, kuma tsumman da aka goge taya da shi, mai yashi a jiki, idan aka bi gilashin da shi zai bar zane. Ruwan goge gilashi mai sinadarin amoniya shi ma yana lalata ta a hankali. Ni dai na hana a taɓa cikin gilasan a wurin wanki, da kaina nake gogewa da tsumma mai laushi da ruwa, wani lokaci da ɗigon sabulu.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a Najeriya ba tare da an taɓo doka ba. Tun 1991 akwai dokar da ta hana sanya wa mota gilashi mai duhun da zai hana a ga wanda ke ciki, sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma dalilan da dokar ta amince da su biyu ne, lafiya ko tsaro. An dakatar da bayar da wannan izini a zamanin Sufeto Janar Usman Alkali Baba, sannan a 2025, a ƙarƙashin magajinsa Kayode Egbetokun, rundunar ta sake buɗe shi ta shafinta na POSSAP a intanet, aka ɗage ranar fara kame fiye da sau ɗaya, Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya kuma ta garzaya kotu tana ƙalubalantar tsarin. Wanda zai sa leda ya binciki matsayin da ake ciki a ranar da zai sa. Amma ma'aunin dokar shi ne ko ana ganin na ciki, kuma wannan wani dalili ne da ya sa seramik mai haske ta fi dacewa da mai neman sauƙin zafi: lamba 70 da ke ƙofofina na gaba, jami'in da ke tsaye a bakin hanya yana ganin fuskata kafin in tsaya, yawancinsu ma ba sa lura akwai leda. Masu jif da Sienna da suka zo da baƙin gilashin baya daga masana'anta su sani cewa wannan launi ne a cikin gilashin kansa, an yi shi ne don sirri da rage haske, kuma bai kai leda mai kyau tare zafi da UVA ba, saboda haka ana iya ɗora masa seramik mai haske ba tare da an ƙara masa duhu sosai ba.

Ga wanda ke doguwar tafiya da rana, ko yake ɗaukar yara ko tsofaffi, ko yake da zabiya ko mai ciwon fata ko na ido a gidansa, kuma yana da niyyar riƙe motar shekaru, kuɗin seramik ya halatta, kuma da zan sake sayen mota a wannan shagon zan sake yi, bayan mun gama maganar kuɗin cirewa da rubutun garanti tun kafin a taɓa gilashi. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sa mai kabon, ko kuma ya sa seramik a ƙofofin gaba biyu kawai ya bar sauran zuwa wani lokaci. Wanda kuwa motarsa ke kwana a inuwa ta wuni a inuwa, tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa kasuwa ba, labulen gilashin gaba da gyaran na'urar sanyaya motarsa za su fi yi masa amfani da wannan kuɗin.